Tafintan Aji Ɗaya

Majidaɗi, Jalingo
Farkon watan Mayu

Zuwa ga autata Amatullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da sanyin ƙasar Turawan naki. Mu nan lafiya, sai ruwa da ya sauka da wuri ya sami rufina bai shirya ba.

Wani labari na ji tun bara, ban gaya miki ba don ban ɗauke shi a bakin komai ba. A kasuwar Jalingo na fara jin sa, wajen mai goro. Wai a wata firamare a Nukkai akwai malamar da take koyar da yara fiye da ɗari ba ta buɗe baki. Ta yi tafi su miƙe, ta buga murfin tukunya su zauna. Na ce da shi, ni na yi aikin tafinta a kotu har kaina ya yi fari. Na fassara wa mutumin da ya rantse saniyarsa ta gaishe shi da Fulatanci. Amma malamar makaranta mai shiru, wannan kam ƙaryar ta yi kauri. Na tambaye shi daga bakin wa ya ji, ya ce an ce. A kotu kuwa ba ma karɓar "an ce" sai an kawo sunan wanda ya ce.

To shekaranjiya wanzamina ya sake kawo mini shi, har ya yi masa ƙari, wai aljanu ne suka riƙe mata harshe. Labarin ya shekara yana yawo bai gaji ba, shi ya sa na fara tunani.

Na so in tambayi Addarki, babbar yayarki, tunda ita ma a Nukkai take koyarwa, wataƙila ta san matar. Amma kin san yadda muke. 'Yar fari ce. Ranar Juma'a takan zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ajiye kwanon abinci, ta gaishe ni kai a ƙasa, ni kuma in kalli bango in ce madalla. Haka kakanki ya yi da babban yayana har suka rabu. Tun ranar da liman ya raɗa mata suna ban taɓa kiran sa ba, kuma ba zan fara hira da ita yanzu saboda gulmar masu goro ba. Ke ki tambaye ta. Ke ce auta, ke aka tara wa bakin gidan duka.

Sai dai in gode wa Allah, kunyarta ƙaruwa take yi. Da can nakan ji wutsiyar gaisuwarta, bana ko ita ba na ji.

Ki daina kira na a waya. Kunnena na hagu ya yi ritaya, na dama yana jiran takardarsa. Ki rubuta a takarda ki ɗauki hoto ki turo, kamar yadda nake yi. Ki ba ni labarin aikin, na gaskiya, ba wanda kike ba ƙawayenki ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Njidda

*

Birmingham, Ingila
Tsakiyar Mayu

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa. Ya jiki, ya ruwa? A samo mai gyaran rufi don Allah, kar ka hau da kanka.

Ka ce in faɗi gaskiya. Baba, na gaji. Yara talatin ne kawai a ajina, na san Adda za ta yi mini dariya, amma kowane yaro yana da takardun da sai na cike a kansa, na abin da ya iya da na abin da zai iya. Ina fita da duhu in dawo da duhu. Wata uwa ta kai ƙarata wai ɗanta ya fara magana irin tawa.

A ɗakin malamai mu baƙi kusurwa ɗaya muke zama. Akwai Fadila 'yar Sudan, da wata dattijuwa 'yar Jamaika, da wata 'yar Indiya. Dukanmu ƙananan azuzuwa aka ba mu, kuma kowaccenmu da filas ɗinta na ruwan zafi da citta da zuma, saboda maƙogwaro. Fadila ta ce a garinsu ma haka ne, 'yar Indiya ta ce su ma. Namiji ɗaya ne a makarantar, a bayanmu ya zo, yanzu shi ne mataimakin shugaba. Yana da ofis mai ƙofa, muryarsa garau.

Yanzu maganar da ta sa na rubuto da wuri. A cikin bas na karanta wasiƙarka, har na wuce inda zan sauka.

Adda ba ta turo mini saƙon murya ba tun Babbar Sallar bara. Ita da takan cika mini waya da surutu. In na kira sai ta katse, ta rubuto "ina aji" ko "ina kicin". Na ɗauka fushi take don na tafi na bar ta da kai da komai, sai ni ma na yi zuciya na daina kira.

Jiya na tura mata labarin mai goronka, har da alamar dariya. Ba ta yi dariya ba. Abin da ta rubuto kawai shi ne: "Wa ya gaya wa Baba?"

Baba, ba kunya ba ce ta ƙaru. Ka je Nukkai. Ba gidanta ba, makarantar. Na san ba a yi, amma ka je.

'Yarka, Amatullah

*

Majidaɗi
Farkon Yuni

Amatullah,

Assalamu alaikum. Na sami takardarki, na ajiye ta kwana biyu ina jin haushinki, sannan na hau keken haya na tafi.

Ban shiga ba. Na tsaya bayan tagar aji ɗaya, jikin wata bishiyar mangwaro. Mai goro bai yi ƙarya ba, sai dai ya rage. Yaran sun cika ɗakin har bakin allo, na baya a kan benci, na gaba a ƙasa, 'ya'yan Mumuye da Jukun da Fulani da Hausawa. Ta yi tafi ɗaya, suka miƙe. Ta buga murfi da cokali, suka zauna. Ta ɗaga gira, wani da ke tsunkulin ɗan'uwansa ya janye hannu. Alƙalan da na yi wa aiki ba su sami rabin wannan biyayya ba, ga su da 'yan sanda a bakin ƙofa.

Sai aka zo karatu. Nan tafi ba ya aiki, don ba a koya wa yaro ƙarar baƙi da murfin tukunya. Ta rubuta "ba" a allo, ta dafe wuya da hannu, ta matso wani sauti kamar ana jan tabarma a kan yashi. Layin gaba ne kaɗai suka ji, su suka miƙa wa na baya. Ana cikin haka ruwa ya sauko a kan kwanon rufin. Ta rufe ido, ta jira, ruwan bai tsaya ba. Ta sake dafe wuyan.

Wata malama ta fito daga ajin kusa ta same ni ina jiƙewa. Sunanta Judith, 'yar Mumuye ce, ba ta ɓoye-ɓoye.

"Baba, wa kake nema? Yaronka wane aji?"

Na ce yarinyata ce, kuma ita ce mai riƙe da cokalin.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne baban Malama? Kai, Baba, ka yi latti! Muryanta ya tafi tun bara. Kowane Juma'a yana zuwa gidanka, ba ka sani ba?"

Na ce mu ba ma hira da 'yar fari.

Ta ce, "Ku Fulani da kunyanku. In ni ne, babana zai sani da safe, don ba wanda zai zage shi a kan burkutu."

Ita ta gaya mini sauran. Ita ta raka Addarki wurin likitan maƙogwaro a Yola. Ya ce wani ƙulli ne ya fito mata a inda murya take fita, saboda ihun shekara da shekaru. Za a iya yi mata aiki a dogon hutu, amma da sharaɗin ta yi shiru ɗungurungum daga yanzu, ko raɗa kar ta yi, wai raɗa ta fi ihu ɓarna. In ta ci gaba da matso wannan "ba" ɗin kowace safiya, muryar za ta tafi ba dawowa. Ta ƙi neman hutu, don malamar ƙarshe da ta yi doguwar jinya ta dawo ta tarar an tura ta wani ƙauye da sai an hau kwale-kwale. Addarki kuwa ga yara a gida.

Na shiga wurin hedimasta, wani Malam Sadisu, mutum mai fara'a. Na roƙe shi ya mayar da ita aji shida, inda yaran suka fi kaɗan kuma sun iya karanta allo.

Ya ce, "Ai Baba, aji ɗaya sai mata. Su Allah ya ba haƙuri."

Na ce, haƙurin na gani, maƙogwaron ne ya ƙare. Ya yi dariya sosai, ya ce dattawan da akwai magana, ya rako ni har bakin hanya. A gindin bishiya malamai maza suna zaune suna duba littattafai a natse.

Na biya ta wurin mijinta Aƙilu a shagonsa. Ya ce shi dai ya lura gidan ya yi shiru, ya ɗauka zaman lafiya ne ya samu. Ban iya yi masa faɗa ba, tunda ni tarbiyya na ɗauka.

Ba ta gan ni ba. Kalma ɗaya daga gare ni za ta sa ta ajiye allin, na sani. Amma in na ce ta bari, ajin ya tafi. In na yi shiru, muryar ta tafi. Kuma ko wanne na zaɓa, ban san da wane baki zan faɗa mata ba.

Ki yi mana addu'a.
Mahaifinki

*

Nukkai
Tsakiyar Yuni

Amatu,

Salam. Ina fatan kina lafiya. Kin kyauta.

Na ga hoton 'yar lasifikar da kike so ki aiko, ta ratayawa a ƙugu. Ki bar kuɗinki. Lasifika murya take ƙarawa, ba ta ƙirƙiro ta. Kuma a ina zan yi cajinta?

Kin ce me ya sa ban faɗa ba. In faɗa wa wa? Aƙilu ya ce in sha zuma. Ke kina can kina kuka da yara talatin. Baba kuwa kin san Baba. Na haihu sau uku ina wannan aikin, kowane karo na dawo ina jin ana cewa mata kullum da dalili. Ban so in ba su na huɗu.

Bari in gaya miki abin da bakinki ya jawo. Ranar Litinin ina goge allo sai ajin ya yi tsit. Na juya. Baba ne a bakin ƙofa, da babbar rigarsa ta zuwa kotu, mai keke na biye da shi ɗauke da kujerar nan tasa ta roba. Ya sa aka ajiye ta gefen allo, ya zauna ya fuskanci yara, ya ba ni rabin baya. Sannan ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mai ajin nan ta rubuta. Za a faɗa."

Amatu, na so ƙasa ta buɗe. Tun ina yarinya in ya shigo tsakar gida nake shiga ɗaki. Yau ga ni da shi, tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba, daga safe har azahar. Ba ni da muryar da zan ce ya tafi, in ma ina da ita ba ni da hurumin.

Na rubuta "ba". Ya ce "BA!" har Judith ta leƙo daga ajinta. Yaran baya, waɗanda suka shekara suna karɓar kwance daga na gaba, suka amsa kamar za su ɗaga rufin.

Hedimasta ya ce shi ba ruwansa, in dai ba za a nemi albashi ba. In masu duba makaranta sun zo, a ce kakan wani yaro ne ya shigo fakewa.

Tun ranar ban furta komai ba. Wuyana ya rage zafi. Amma ki sani ban yafe miki ba tukuna. Mutumin nan ya tsufa, ina ganin yadda yake dafa gwiwa kafin ya tashi.

Ki riƙa shan ruwa a aji, kar ki jira sai kin ji ƙishi. Kuma kar ki yi gasa da hayaniyar yara, ba a cin su.

Addarki

*

Majidaɗi
Ƙarshen Yuli

Autata,

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuto ba. In na dawo daga Nukkai sallah kawai nake iya yi in miƙe ƙafa.

Aikin tafinta ƙa'idarsa ɗaya ce: ka faɗi abin da aka ce, kar ka ƙara, kar ka rage. Na riƙe ta a gaban alƙalai masu zafi. A aji ɗaya na kasa. Ta rubuta "gizo" don a koyi "gi", na duba fuskokin nan sai na ji kakata ta taso mini, kafin in farga har mun kai inda ƙoƙi take kuka. Sai na ji rula a kan tebur, ƙwas. Na koma "gi".

Amfanina ɗaya da ba ta zata ba. Akwai yaran da Hausar ma ba ta zauna musu ba balle Turanci. In na ga ido ya yi fari sai in juya maganar da Mumuye ko Fulatanci. Wata 'yar mitsitsiya da aka ɗauka kurma ce ashe tana da surutu kamar ke.

Yanzu akwai wata kusurwa a ƙasan allo, ta ɓangarena, inda ake rubutu ƙanana ba don yara ba. "A rage tatsuniya." "A sha ruwa." Rannan aka rubuta, "An sa hula a karkace." Ni kuma nakan ba bango amsa. Na ce masa hular ta ga alƙalai da yawa, tana da ikon karkacewa. Na ji alli ya tsaya, na ga kafaɗa tana rawa ta gefen idona. Ashe Addarki tana da ban dariya. Kin sani, ba ki taɓa gaya mini ba.

Amma Amatullah, aikin nan ba na mutum ba ne. Ni da ake jin muryata daga bayan kotu, wata ɗaya da 'yan kwanaki kawai na yi, yanzu da yamma in na yi sallama sai maƙwabcina ya ce wa ke nan. Judith ta kawo mini citta. Ta ce, "Baba, barka da zuwa cikin mata." Addarki kuwa, baiwar Allah, ta yi shekarun da suka fi naki na karatu da aiki a haɗe tana wannan ihun, ta koma gida ta hura wuta.

An yi hutu jiya. Mako mai zuwa za su tafi Yola, ita da Aƙilu, wanda yanzu ya gane bambancin shiru da zaman lafiya. Likita ya ce kumburin ya sauka, za a iya aikin. Amma bai yi alkawari ba. Ya ce wasu muryar takan dawo, wasu rabi, wasu sai haƙuri. Na roƙi a tambaye shi mata nawa malamai ya gani da irin wannan. Wai ya ce ya daina ƙirgawa.

Ba zan bi su ba. A aji ina da aiki, a asibiti kuwa uba ne kawai, ba ni da bangon da zan yi wa magana.

Mahaifinki

*

Birmingham
Satumba

Baba,

Ina gaisuwa. Mun koma aiki. Fadila ba ta dawo ba, ta kama aiki a wani kanti, ta ce a can ba wanda yake bin ta gida da takardu. Kujerarta na nan a kusurwarmu.

Adda ta rubuto cewa an yi aikin lafiya, daga nan ba ta ƙara cewa komai a kai ba. In na tambaya sai ta turo mini hoton yaranta. Kai ma ka yi shiru. Ina kunna tsofaffin saƙonninta na murya a bas, har na haddace su.

Baba, don Allah, ko layi ɗaya. Ta yi magana?

'Yarka, Amatullah

*

Majidaɗi
Oktoba

Amatullah,

Assalamu alaikum. Na yi shiru ne don ba ni da abin faɗa.

An koma makaranta. Sababbin 'yan aji ɗaya sun fi na bara yawa, kuma Malam Sadisu ya sake ba ta su, saboda haƙurinta. Ni ma na koma kujerata. Ban san iya lokacin da gwiwa za ta yarda ba. Likita ya ba ta izinin 'yan kalmomi kaɗan a yini, ya ce ta yi tattalinsu. A aji ban ji ta taɓa ko ɗaya ba.

Labarin gari kuma ya sauya. Yanzu wai a Nukkai akwai malamar da in ta buɗe baki muryar tsoho ce take fitowa. Mai goro ya gaya mini, wanzami ya gaya mini, har mai keken da yake kai ni can kullum.

Ranar Juma'a ta kawo abinci. Ta ajiye kwanon, amma ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta zagayo ta ɓangaren kunnena na dama, ta durƙusa dab da ni. Muryar siririya ce, tana karcewa, ba za ta kai layi na biyu ba. Amma murya ce.

Ta ce, "Baba, ka ji abin da ake faɗa a gari? Wai tsohon ma ya cika tatsuniya."

Kalmomin yini guda, ta kashe su a kan gulma. Na kalli bango, bai taimake ni ba.

Allah ya yi muku albarka, ke da ita.
Mahaifinki, Njidda

Kin san ƙa'idar kotu, ba a karɓar labari sai da sunan wanda ya faɗa. To ki rubuta. Addarki Kadijatu ce ta gaya mini.